Shawarwarin zaman Nima kan taɓin hankali da laifi

Bayan sallar isha'i a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, muka tattauna kan wani matashi da aka lakaɗa wa duka a kasuwa ana ihun ɓarawo, ashe ciwonsa ne ya tashi. Dattawa suka ce a daina haɗa mai taɓin hankali da mai laifi, don yawancinsu su ake zalunta. Wata nas ta ce a kai maras lafiya asibitin masu taɓin hankali na Pantang, kada a sa masa mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kare haƙƙinsa, kuma tun 2023 yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi a Ghana. Ni dai kalmar "mahaukaci" ta fi damuna, ita ke sa iyaye kulle ɗansu a ɗaki.