Zama da abokan aiki na ƙara wa malami ƙwarin gwiwa kuwa?

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum malamai. Ban daɗe da fara koyarwa ba, kuma lissafin rabawa ya tsaya mini a wuya. In yi bayani a allo har alli ya ƙare, in ce "kun gane?", su amsa "eh Malama", in karɓi littattafai in ga ba haka ba. Har na fara tunanin ko ban dace da aikin ba. A makarantarmu kowa da ajinsa, ana kaɗa ƙararrawa kowa ya kama gabansa. Don Allah, zama da sauran malamai na gyara wannan, ko sai dai shekaru?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Shekaru kaɗai ba sa gyarawa. Da shirin SMASE, na horar da malaman lissafi da kimiyya, ya zo a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, a Kaduna da Neja da Filato, abin da ya fi burge ni shi ne malamai su shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a baya. Ba malamin ake kallo ba, yaran ake kallo. A irin zaman ne na ga wata malama ta zube murafen lemo ashirin, ta ce yara huɗu su raba daidai. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba shi ya fara cewa "biyar biyar". Ranar kowannenmu ya koma aji da ƙarfinsa.

Malamin Kwalejin Ilimi:
Binciken TALIS, wanda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ke yi kan malamai a ƙasashe da dama, na 2013 da na 2018, ya nuna malaman da ke yawan aiki tare sun fi yarda da iyawarsu. Sai dai a lura, alaƙa ce aka gani, ta yiwu masu ƙwarin gwiwar ne tun asali ke yarda a shiga ajinsu. Amma masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura tun 1977 ya ce ganin ɗan'uwanka ya yi nasara na cikin abubuwan da ke gina wannan yarda.

Malama daga Zariya:
Ni dai ki zaɓi wadda za ki kira. Idan zaman ya koma kamar na sufeto, ana ƙirga kurakuranki a gaban mutane, gwiwarki za ta ƙara yin sanyi. Ki fara da mutum ɗaya da kika amince da ita, ke ki fara shiga nata ajin.

Malamar Aji Huɗu:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Malamar aji biyar za ta yarda, in sha Allahu. Baba Hedimasta, idan raba ya bar saura, yaya ake yi da murafen?