Dilan mota yana so in sake sa hannu bayan mun gama ciniki, ina neman shawara

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle wallahi. Na sayi mota wajen wani dila a kan biya kaɗan-kaɗan duk wata, na ba da kafin alƙalami, na kuma haɗa masa da tsohuwar motata aka rage kuɗinta a ciki. Mun sa hannu ni da manajansu, suka ba ni kwafi da makulli na tafi da mota. To jiya sai ga kira wai kamfanin da zai ba da bashin bai amince da lissafin farko ba, in zo in sa hannu a sabuwar takarda, abin da zan riƙa biya a wata ya ƙaru kuma an cire garantin inji da giya da ke cikin ta farko. Da na ce ban yarda ba sai ya ce to in dawo musu da mota, na ce tawa fa, ya ce ai an riga an sayar. Shin yana da ikon yin haka?

Baban Zara:
Wa'alaikumus salam. Ƙanwata kar ki sa hannu a komai tukuna. Yarjejeniya ta mutum biyu ce, ɗaya ba ya canza ta shi kaɗai, da yana da wannan ikon ai da bai tsaya roƙon sa hannunki ba. Kuma ki sani ranar da kika sa hannu a sabuwar, tsohuwar ta tashi aiki, ko gaban alƙali kuka je sabuwar za a duba. Ungulu da kan zabo suke so su yi miki, sun bari sai da kika saba da mota sannan suka fito da ainihin lissafin.

Barista:
Hajiya maganar Baban Zara haka take, amma akwai wuri ɗaya da nake so ki duba kafin ki saki jiki. Dilolin da ke ba da mota tun kafin bashi ya tabbata sukan saka wani sharaɗi, yawanci da ƙananan rubutu a baya ko a wata takarda daban da aka tura miki cikin sauri, cewa cinikin bai kammala ba sai mai ba da bashi ya amince. In babu wannan sharaɗin, to matsalarsu ce da kamfanin bashin, ke dai ki ci gaba da biya yadda aka rubuta kina ajiye rasit. In kuma akwai, yana iya warware cinikin, amma warwarewa ba ɓangare ɗaya ba ce: ki mayar da mota, shi kuma ya mayar miki da kafin alƙalaminki da tsohuwar motarki, in ya sayar ya biya kuɗin da aka ƙiyasta mata a takarda. Ko da sharaɗin ko babu, ba shi da hurumin tilasta miki sabon lissafi. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ki kai wa lauyan da ke kusa da ke takardun ya karanta su layi-layi.

Anti Bilki:
Ni dai abin da zan ce miki, in za ki je wajensu kar ki je da motar, kuma kar ki je ke kaɗai. Sai su karɓi makulli wai za a duba wani abu, shikenan kin dawo a ƙafa. Ki ɗauki hoton kowane shafi a waya, asalin kwafin kuma kar ya bar hannunki.

Abu Sadik:
A yi musu adalci kuma, wani lokaci kuskure ne na gaske. Lambar chasis harufa da lambobi 17 ce, ɗaya ya kuskure sai rajista ta gagara, irin wannan gyara shi alheri ne gare ki, a soke layin a rubuta daidai kowa ya sa hannu a gefe. Amma fa cire garanti ba kuskuren biro ba ne, wannan da gangan ne.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Barista na duba, sharaɗin yana nan a shafin ƙarshe, amma an rubuta cewa sai sun sanar da ni a rubuce cikin kwana 10, kuma wa'adin ya wuce, su kuma waya kawai suka yi min.

Barista:
To Hajiya wannan layin ki riƙe shi da kyau. Ki daina magana da su ta baki. Ki rubuta musu yau cewa kina nan a kan yarjejeniyar farko, su turo miki wasiƙar da kamfanin bashin ya ƙi amincewa mai ɗauke da kwanan wata, da shaidar ranar da suka sayar da tsohuwar motarki. In suka yi barazanar zuwa ɗaukar mota, ki kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayayya tare da kwafin komai, kuma biyan wannan watan kar ya wuce ranarsa ko da kwana ɗaya, don shi suke jira su samu hujja a kanki.