Sana'o'i huɗu a hannu ɗaya: wacce zan ajiye?

Mai Atamfa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 na ajiye na'urar POS a bakin shago, daga baya na haɗa da sayar da data, sannan da kakar 2024 na zuba wani kaso na jarina a masara da wake daga Dawanau domin ajiya. A makon jiya wani tsohon abokin cinikina da ya taso tun daga Maraɗi ya tsaya a gabana kusan rabin awa, ni kuwa ina kan waya ina bin sawun kuɗin wani da suka maƙale, kuma da na ɗago kai sai na hango shi a shagon maƙwabcina ana ɗaure masa turmi ashirin. Abin ya tsaya mini a rai. Ina son in rage, amma ban san wacce zan ajiye ba.

Dattijon Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka ajiye komai, ina tambayarka: kuɗin sana'o'in nan huɗu a aljihu ɗaya suke kwana? Idan haka ne, to ba ka san wacce ke ciyar da gidanka ba, kuma mai yiwuwa atamfar ce take ɗauke da sauran ukun tana nishi. Ka sayi littafi huɗu, ka ware wa kowacce uwar kuɗinta, ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita har tsawon wata uku, ka kuma rubuta awannin da kowacce take ci maka, domin lokacin da aka ɓata wajen jiran sabis shi ma asara ce ko da ba a ganinta a lissafi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Ɗan Singa:
Da girmamawa ga Baba, ni ban ga hikimar komawa kan sana'a ɗaya tak ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane abinci suke fara saya kafin sutura. Alhaji, ka miƙa POS da datar ga yaro amintacce bisa kaso, ku riƙa lissafi kowace Juma'a.

Hajiya Mai Turare:
Alhaji, miƙa wa yaro yana rage aiki, amma ba ya rage tunani, kuma tunanin ne ya raba ka da baƙonka na Maraɗi. Hatsin nan ne ya fi damuna, saboda waɗanda suka yi ajiya sun ga yadda farashi ya karye a 2025, ga wake kuma ba ya jiran kowa idan ƙwari suka shige shi. Ni da kaina na bar ɗinki da sayar da mayafai na tsaya kan turaren wuta kaɗai, sai a lokacin na sami sukunin tuna wace amarya ce take son wane haɗi.

Mai Atamfa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na sayi littattafan yau da safe. Hatsin zan fitar da shi a watan nan ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma gobe in sha Allahu zan kira mutumin Maraɗi in ba shi haƙuri.