"Baƙo raɓa, ɗan gari kaba": wa ke faɗin wane ne ɗan garin?

Jikan Mai Wurno: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman a warware mini karin maganar nan: "Baƙo raɓa, ɗan gari kaba." Na san raɓa da hantsi ya yi ta bushe, kaba kuwa ko an sare ta sai ta sake tofowa. Tambayata ita ce, shekara nawa baƙo zai yi kafin ya daina zama raɓa? An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a gabas har ya kafa garinmu Mai Wurno kusa da Sinnar a Sudan. Yau an haura shekara ɗari, amma ka je neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ka ji irin tambayoyin da za a jero maka.

Malam na Kasala: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Magabata suna faɗinta ne a wuri biyu. Ko dai a ba mai masauki haƙuri, baƙon da ya dame ka gobe zai ɗaure kayansa. Ko kuma a ja kunnen wanda zai ɓata da maƙwabcinsa saboda mai wucewa. Ba ruwanta da asali. Cikin birnin Kano akwai Tudun Nufawa, akwai Zangon Barebari, akwai Agadasawa. Sunan unguwa kaɗai ya isa ya gaya maka inda kakanninsu suka fito, kuma yau wa zai ce musu ba Kanawa ba ne? A wajen Bahaushe, wanda ya gina gida ya binne iyayensa a gari ya zama kaba.

Uwar Biyu, Gadarif: Allah ya gafarta Malam, wannan Kano ke nan. A nan ba zama ke mai da mutum ɗan gari ba, alƙalami ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa ta yi sai in kakanka na wajen uba yana Sudan tun ƙarshen 1897. Mutanen Mai Wurno bayan 1903 suka iso. Da layi ɗaya aka bar gari guda a waje. An sassauta dokar daga baya, amma zukatan masu riƙe da hatimi ba su sassauta tare da ita ba. Ko kun manta 2008, da wata jarida ta ambato shugaban ƙasa na lokacin, Bashir, yana cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne? Har titi muka fita a nan Gadarif da Kasala, shi kuwa ya ce bai faɗa ba.

Ɗan Kambo: Hajiya ta faɗi gaskiya. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, su wa suka tsinci audugar? Hawasha, wato gonar da aka raba wa manoma, mafi yawa ta masu ƙasa ce, mu kuwa kambo, zangon 'yan ƙwadago, a bakin magudanar ruwa, ba takardar fili. Kaka ya mutu a can, uba ya mutu a can. To in wannan raɓa ce, ban san me ake kira kaba ba.

Baba na Madani: Ku saurara, 'ya'yana, ku haɗa ta da 'yar'uwarta: "Da ɗan gari akan ci gari." Turawan Ingila ba su da yawan da za su riƙe ƙasa mai faɗin Sudan su kaɗai. Sai suka buɗe Kwalejin Gordon a 1902, suka horar da 'ya'yan bakin Nilu, suka jawo manyan gidajen addini kusa, da farko gidan Mirgani, daga baya gidan Mahadi. Daga cikin waɗannan 'yan boko aka samu ƙungiyar 1938 ta masu ilimi, su ne kuma suka gaji kujerun Turawa a 1956. Tare suka yi makaranta, junansu suke aura, a zaman makoki ɗaya suke haɗuwa su raba muƙami. Bashir daga Hosh Bannaga yake, Janar Burhan da ya riƙe mulki bayansa daga Gandatu, duk yankin Shandi. Ban ce mugaye ne ba. Na ce mutumin da duk wanda ya sani ɗan ajinsu ne ko surukinsa, in aka ce ya kawo sunan minista, sunan wa zai faɗo masa?

Malam na Kasala: Yaya, wannan karin maganar kuma kan cin amana take. Gari mai ganuwa ba ya faɗuwa sai na ciki ya buɗe ƙofa.

Uwar Biyu, Gadarif: Mu dai a kasuwa in mun faɗe ta, wasɗa muke nufi. Ba ka da kowa a ciki, takardarka ta kwana a ƙasan tebur.

Yayan Zainabu: Zan faɗi abin da ba a so. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma fa a cikin namu zagayen muke. Unguwarmu daban, masallacinmu daban, aurenmu tsakaninmu. Dattawa da yawa sun hana 'ya'yansu madarasa, suka ce allo ya isa. Lokacin da ake rabon aikin soja da na hukuma muna gona da kamun kifi. Yanzu kuma muna mamakin ba mu da kowa a sama.

Ɗan Kambo: Yaya, wace madarasar aka gina a kambo har aka ƙi shiga? Kuma ranar da aka fito daga zagayen me ya faru? A 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su tasu sarauta cikin idara ahliyya, wato tsarin sarautun gargajiya. Aka ce sarauta da ƙasa take tafiya, ku kuwa ba ku da ƙasa. A watan Yuli kaɗai an rasa sama da mutum ɗari, a Oktoba aka sake a Wad al-Mahi. Allah ya jiƙansu, namu da nasu.

Baba na Madani: Amin. Amma kada ku ɗauka halin mutanen kogi ne kaɗai. Da Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya hau a 1885, danginsa Ta'aisha ya kwaso daga yamma ya cika Umdurman da su. Hamidti, jagoran dakarun RSF, da ya yi ta kukan an ware mutanen yamma, wa ya naɗa mataimakinsa? Ɗan'uwansa. Su kuma mutanen Hartum, tun 2003 ake ƙone ƙauyuka a Darfur suna jin abin kamar labarin wata ƙasa, sai 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, harsashi ya shigo falonsu. Da idona na ga manyan ma'aikata suna neman ɗakin haya a Madani, dillali yana ninka musu kuɗi don ya ga baƙi.

Jikan Mai Wurno: To Malam, bisa fassararka, in na faɗa wa wanda ya gudo daga Hartum ya sauka a garinmu wannan karin magana, na yi daidai?

Malam na Kasala: Ta fuskar Hausa ka yi daidai, don shi yana shirin komawa. Amma kada ka faɗa a gabansa, ba a yi wa baƙo ita a kan idonsa.