Muhawara: wai Macintosh marar launi ta fi IBM mai launi nuna hoto?

Auwalu Mai Gyara: Salamu alaikum jama'a. Ga magana, wanda ya ga ba haka ba ya fito fili. A tsakiyar shekarun 1980, in mutum ya yi sikanin hoto yana so ya kalle shi a allo, kwamfutar Macintosh ta 1984, wadda ba ta san komai ba sai baƙi da fari, ta fi IBM mai launi fito da shi. Ba su ma haɗa hanya ba.

Malam Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Auwalu, ka fara ko? Allon inci 9 fa kake yabo, wanda ko ruwan toka ba ya iya nunawa. Kowane ɗigo ko baƙi ƙirin ko fari fat. Ta ina zai fi CGA, katin hoton kwamfutar IBM mai launi huɗu?

Auwalu Mai Gyara: Malam, launi huɗun waɗanne ne? Baƙi, fari, wani shuɗi mai haske da wani ruwan hoda mai kashe ido. In ba ka son su, a ba ka ja da kore da ruwan ƙasa. Fuskar wa za a nuna da wannan? Ga shi ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye, jimilla 64,000. Macintosh kuwa 512 a kwance, 342 a tsaye, wato 175,104. In kana son CGA ta matso sai ka koma tsarin 640 da 200, a nan kuma launi biyu ya rage mata. Ita ma ta dawo gidan baƙi da fari.

Baba Injiniya: Ku dakata yara, kada ku ɗauka masu ƙera waɗannan na'urori ba sa son launi ne. Wurin ajiya ne babu. Katin CGA kilobayit 16 gare shi kacal na hoto. Ɗigo 64,000, kowane ya ci bit biyu, ya tashi bayit 16,000, tunda bit takwas ne bayit ɗaya. Ɗigo 128,000 na tsarin 640 da 200, kowane bit ɗaya, shi ma 16,000. Ko ka kashe shi a launi, ko ka kashe shi a yawan ɗigo, ba a ba ka duka biyun. Macintosh ta zaɓi ɗigo. Cikon allonta bayit 21,888 ne. Da a ce kowane ɗigo zai ɗauki matakin toka 256 kamar yadda muka saba yanzu, da hoto ɗaya ya ci bayit 175,104, alhali ƙwaƙwalwar kwamfutar gaba ɗaya 131,072 ce. Faifanta mai kilobayit 400 kuwa hotuna biyu zai ɗauka ya ce ya ƙoshi. Sai kuma turawa ta layin waya: da modem mai gudun 1200, hoton baƙi da fari minti uku ne, mai toka ya haura minti ashirin, kana biyan kuɗin kira.

Malam Ɗanladi: Ranka ya daɗe Baba, lissafinka ba wanda zai ja. Amma Auwalu ya ɗauko mafi rauni a gidan IBM ne ya sa a gaba. Ina katin Hercules? Tun 1982 yake kasuwa, ɗigo 720 da 348, jimilla 250,560. Ya fi na Macintosh nesa, kuma ya riga ta zuwa da shekara biyu. EGA ma, sabon katin IBM mai launi, ta zo a 1984 da 640 da 350.

Auwalu Mai Gyara: Hercules ba ya da launi, Malam. Ka ga kai ma ka gudo wajen marar launi kana neman mafaka.

Malam Ɗanladi: IBM ka ce ko ba IBM ka ce ba? A cikin IBM ake cusa shi.

Baba Injiniya: Akwai abin da yawan ɗigo ba ya faɗa muku, shi ne siffar ɗigon. Na Macintosh tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, 72 a kowane inci, abin da ka zana da'ira zai fito da'ira. A CGA mai 640 da 200 tsawon ɗigo ya ninka faɗinsa sau biyu da wani abu. Na Hercules ya kai ɗaya da rabi. To, hotunan da ke yawo a lokacin da yawansu fayilolin MacPaint ne, manhajar zane ta Macintosh, masu IBM suna buɗe su da 'yan ƙananan manhajoji. In manhajar ta jera ɗigo a kan ɗigo ba gyara, sai mutum ya fito da doguwar fuska, ya rame. In kuma ta zubar da wasu layuka don siffar ta daidaita, sai tsarin ɗigon ya wargaje, hoton ya dame. Shafin MacPaint kuma 576 ne da 720. A allo mai layi 200 ko sulusinsa ba ka gani, sai dai ka yi ta danna kibiya: ga hula, ga ido, can ƙasa ga haɓa.

Malam Ɗanladi: To ai laifin fayil ne, an ɗinka shi don wata na'urar. Kuma a Macintosh ɗin ma layi 342 ne, shafin ba ya shiga duka.

Zainab Ɗaliba: Baba don Allah, ni abin da ya ɗaure min kai, da me ma suke sikanin a lokacin?

Baba Injiniya: 'Yata, masu Macintosh sun sami wata dabara a ƙarshen 1984, ana ce mata ThunderScan. Ka cire ribon daga firintar ImageWriter, ka sa wani ɗan ido mai karanta haske a gurbinsa, ka naɗa hoton kamar takarda. Kan firintar sai ya yi ta kai da komo, layi bayan layi, maimakon ya buga yana karantawa. Sai ka yi haƙuri, don ba ta sauri. Andy Hertzfeld ne ya rubuta manhajarta. Shi kansa sikanin ya girmi wannan sosai: tun 1957 Russell Kirsch ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfutar SEAC a Amurka, ɗigo 176 da 176.

Hajiya Mai Situdiyo: Ina ta karanta ku tun ɗazu. Auwalu ƙanena, wane irin hoto ka gani har ka yanke wannan hukunci? Na san su, fuskokin Turawa da hotunan gine-gine. Bari in gaya maka inda gizo ke saƙar. Tunda allon ba shi da toka, yayyafa ɗigo ake yi: inda duhu a cika baƙaƙe, inda haske a rage su, ido ya haɗa da kansa. Kowane ɗigo in an tilasta masa zama baƙi ko fari, akwai ragowar da ta saura tsakanin ainihin haskensa da abin da aka ba shi. Tsarin Floyd da Steinberg na 1976 yana raba wannan ragowar duka ga maƙwabta huɗu, kashi 7 da 3 da 5 da 1 cikin 16. Bill Atkinson na Apple ya canza shi: maƙwabta shida, kowane kashi ɗaya cikin takwas, sauran kashi biyun a watsar. Rubu'in ragowar ke nan ya tafi. Shi ya sa hoton Macintosh ke fitowa garau, yana ɗaukar ido. Amma kuɗin wannan kyan wa ya biya? Wuri mai duhu sosai ya toshe ya zama baƙi zalla, mai haske sosai ya wanke. Ka kawo dattijo baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana, za ka samu rigar ba aiki a wuyanta, fuskar kuma sai fararen idanu. Duk wanda ya taɓa yin fotokofin hoton fasfo ya san abin da nake nufi.

Auwalu Mai Gyara: Yaya Hajiya, ai ThunderScan tana karanta matakan toka, ana iya ƙara haske ko rage shi kafin a yayyafa ɗigon.

Hajiya Mai Situdiyo: Ka ƙara haske don fuska ta fito, rigar ta ƙarasa ɓacewa. Aikina ne wannan fa.

Auwalu Mai Gyara: To CGA ce za ta fito da shi? Da ruwan hoda?

Hajiya Mai Situdiyo: Ban ce CGA ba. Cewa na yi Hercules da tsarin Floyd da Steinberg, in an yi sikanin don shi tun farko, zai riƙe abin da ke cikin duhu fiye da Macintosh da tsarin Atkinson. Hoton zai ɗan dushe, amma mutumin yana nan.

Zainab Ɗaliba: Ni fa na karanta cewa kwamfutar Amiga ta 1985 tana da matakin toka 16 na gaske. Ba ta kada su duka ba ke nan?

Auwalu Mai Gyara: Zainab, ba a gayyaci Amiga ba. Tsakanin biyu ake yi.

Malam Ɗanladi: Ai dole ka kore ta. Kuma wa'adin maganarka shekara uku ne. A 1987 IBM ta zo da tsarin hoto na VGA mai matakin toka 64, kamfanin CompuServe ya fito da GIF, fayil ɗin hoto mai launi, Apple da kanta ta fito da Macintosh II mai launi.

Auwalu Mai Gyara: Shekara ukun nake magana dama, Malam. Tsakiyar shekarun 1980 na ce.

Hajiya Mai Situdiyo: A daina jan rai. Zan ɗauki hoton biki guda daga situdiyo, mai baƙar fuska da farar riga, in mayar da shi gida uku: 512 da 342 da tsarin Atkinson, sai na Hercules, sai na CGA, in gyara wa biyun ƙarshe siffar ɗigo. Ba zan sa suna ba, kowa ya zaɓa.

Baba Injiniya: Hajiya, ki turo su a matsayin fayil, PNG, kada ki turo ta wurin hotuna. WhatsApp zai matse su ya mayar JPEG, ɗigon ya narke ya zama toka, gwajin ya lalace. Kuma a kwamfuta za a buɗe, a ainihin girmansu.

Auwalu Mai Gyara: Na yarda, da sharaɗi ɗaya. A ƙara hoto na biyu wanda aka ɗauka a inuwa.

Hajiya Mai Situdiyo: An ƙara. Gobe bayan la'asar in sha Allah.