Riƙon tsofaffi: da gaske a shirye muke, ko a baki ne kawai?

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina so mu tattauna wani abu da ya daɗe yana cin raina. Duk wanda ka tambaya a garin Jos ɗin nan zai ce maka ai mu bama kai iyayenmu gidan tsofaffi, mu ke riƙe abinmu har rai ya yi halinsa. Na yarda, kuma nima bana fatan ganin ranar da zamu fara kaiwa. Amma in an ce "mu ke riƙewa", su waye ke riƙewar? Abin da nake gani a wajenmu nan Anguwan Rogo, tsohuwa mai 'ya'ya bakwai ko takwas in ta kwanta ciwo mutum ɗaya ce ke kwashe kashi da fitsari, kuma kusan kullum mace ce, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗan da ya rage a gidan gado. Sauran suna Abuja da Kaduna da Legas, ƙarshen wata a turo kuɗi, a kira a ce Hajiya ya jiki, shikenan a ganinsu sun sauke nauyi. Ita kuwa mai jinyar ba albashi ba hutu, sana'arta ta tsaya, ko bikin suna bata zuwa, ranar da ta ce ta gaji kuma a ce bata son lada. Sannan ga waɗanda basu haihu ba ko 'ya'yan sun riga su tafiya, su wa ke gare su? Shin mutane a shirye suke su yi wannan aiki don Allah, ko wanda ya rasa hanyar zillewa ne kawai yake yi?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya maganarki gaskiya ce amma a yi mana adalci mu da muke nesa. Ni ɗan Bauchi Road ne a Jos, aiki ya kawo ni Abuja, a Mararaba nake zaune, ina idar da asuba nake kama hanya saboda cunkoson Nyanya, in dawo bayan isha, ɗaki biyu ne da yara, in na ɗauko tsohuwa wa zai zauna da ita? Ita ma wallahi bata yarda, ta ce ba zata bar ɗakinta da maƙwabtanta ta zo a kulle ta a gida tun safe ba. Kuma kuɗin nan kar a raina shi, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, maganin hawan jini da na suga, pampas na manya, kuɗin keke zuwa asibiti, ga mafi ƙarancin albashi naira 70,000 da aka sa hannu a 2024. Inda na yarda dake shine kuɗin magani daban, haƙƙin mai jinya daban. Mu a gidanmu duk abin da aka haɗa sai an ware wa ƙanwarmu nata, ba wai albashi muke biyanta ta kula da uwarta ba, a'a, ɗinkin da ta ajiye saboda mu ne muke mayar mata.

'Yar Gangare:
Maman Khairat Allah ya saka miki da alheri da kika taɓo wannan. Ni ina cikinsa yanzu haka, surukata nake jinya, shanyewar ɓarin jiki, kuma bari in faɗa da babbar murya ba wanda ya tilasta ni, matar nan ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun ina amarya, ko mijina bai ce ba zan yi. Saboda haka masu niyya akwai su. Abin da mutane basu gane ba shine niyya bata hana jiki gajiya.

Wanda bai taɓa yi ba yana zaton dafa abinci ne da ba da magani. A asibiti sun ce mana a riƙa juya ta kamar duk bayan awa biyu don kar bayanta ya yi gyambo, kuma har da dare, to lissafa barcin da mutum zai samu. Ga sanyin Jos a Disamba da Janairu, sai ka hura gawayi ka ɗora ruwa kafin ka taɓa jikinta, ga wankin zannuwa da baya ƙarewa, ga ɗagawa, ni dai ƙuguna ya riga ya san da zancen. Wannan duk mai sauƙi ne akan ranar da kanta ya rikice, ta dube ki ta ce ke wacece, ko ta ce kin sace mata kuɗi a gaban baƙi, sai wani da ya zo gaisuwar minti goma ya koma yana cewa ana cutar tsohuwa. Wasu ma su ce aljanu ne ko sammu, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kama wasu tsofaffi, likita ya kamata ya gan ta.

Baban Sadiq abin da kuke yi wa ƙanwarku ya yi kyau, amma in za ka tambaye ta wallahi zata ce maka ta fi son ka zo ka karɓe ta daga Juma'a zuwa Lahadi ta je ta yi barci, ta je kitso, ta ga ƙawayenta. Jos da Abuja ba bangon duniya bane. Facalolina biyu suna nan cikin gari, da kowacce zata ɗauki kwana ɗaya a sati da ban san na gaji ba.

Malam na Rikkos:
Akwai gyaran da ya kamata mu maza mu ji. A Suratul Isra'i aya ta 23 Allah ya ambaci iyaye idan tsufa ya riske su a wurinka, ya ce ko "uf" kar ka ce musu. Da ɗan da aka haifa ake magana, ba da matarsa ba. Malamai da dama sun yi bayani cewa hidimar iyayen miji kyautatawa ce daga mace, ba wajibi bane a kanta, don haka irin su 'Yar Gangare bashi muke ci a wurinsu, godiya ya kamata su ji ba gori ba. Akan waɗanda ba dangi ba kuma, ya zo a Sahihu Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka ya bashi jakinsa da rawaninsa don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne, ya kafa hujja da cewa sada zumunci da masoyan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya. Mu tambayi kanmu, abokan babanninmu da suke zama a shago ko a ƙofar masallaci tare, su nawa muka leƙa tun bayan sadakar bakwai?

Mama Rifkatu:
Sannunku. Ni Kirista ce, a unguwar Nasarawa ta Jos na girma cikin Hausawa, kuma wannan damuwar ɗaya ce har a coci, mu ma an ce mana ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka. Abin da nake so in ƙara, da can ba 'ya'ya kaɗai ke riƙe tsoho ba, unguwa ce ke riƙewa. Maƙwabciya zata miƙo kunu ta katanga, yaron gidan gaba ya ɗebo ruwa, ba a tambayar addini. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun raba mu unguwa-unguwa, tsofaffi da yawa sun bar mutanen da suka yi shekara talatin tare sun koma inda ba a san ƙuruciyarsu ba, wanda bai san alherin da ka yi da ƙarfinka ba kuwa da wuya ya ji nauyinka in ka tsufa. Mu a zumuntar mata muna raba kanmu muna zuwa wa gwauraye da marasa kowa, shara, wanki, wanka, amma yawancinmu mu ma mun haura hamsin, 'yan matan basa shigowa sosai.

Ta ɓangaren gwamnati akwai dokar cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, akwai kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. Amma inshora kuɗin asibiti take ragewa, bata yi wa kowa wanka. Ɗiyata da ke Ingila ta ce a can akwai alawus da gwamnati ke ba wanda ke kula da wani awa 35 ko fiye a sati in ya cika sharuɗɗa, nan kuwa in dangi basu duba mai jinya ba, ba mai dubawa.

Auwal Dilimi:
Ni matashi ne, kuma dan Allah kar a yanke mana hukunci duka. Wani abu da ba a faɗa ba shine tsofaffi maza. Dattijo da yawa gara ya kwana cikin lalurarsa da ace 'yarsa ko surukarsa ta ga tsiraicinsa, kunya ke hana shi magana, wannan aikin namu ne maza ba makawa. A layinmu akwai wani baba tsohon direba da matarsa ta rasu, mu huɗu a majalisa muke karɓa-karɓa, wanka da aski da kai shi masallacin Juma'a, matan layi kuma suna aiko abinci. Matsalar da muke da ita yanzu ɗagawa ce, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa kuma goyo yana wahalar dashi. In akwai wanda ke da keken marasa lafiya da aka ajiye a gida ba'a amfani dashi, ko aro ne, ya min magana zan zo in ɗauka ko a Bukuru ne.