Tambaya: an manne ambulan ƙuri'a ba tare da saka ƙaramar ambulan ta sirri ba a Pensilbaniya

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka, ina neman taimako daga wanda ya san aikin zaɓen gidan waya a jihar Pensilbaniya.

Ƙa'idar dai ita ce a cike takardar ƙuri'a da biro baƙi ko shuɗi, a saka ta cikin ƙaramar ambulan ta sirri, a manne, sannan a zura wannan cikin babbar ambulan, a sa hannu da kwanan wata a bayanta. Tun hukuncin kotun ƙolin jihar na watan Satumba 2020, ƙuri'ar da ta isa babu ƙaramar ambulan ba a ƙirga ta.

Ga inda matsalar take: an riga an manne babbar, an sa hannu, sai aka ga ƙaramar a waje. Ba a aika ba tukuna.

In aka yage bakin aka liƙe da salatef, ofishin zaɓen gunduma zai karɓa, ko za su ce an taɓa ta? Ko ya fi a je a nemi sabuwa? Akwai kuma damar miƙa takardar da babbar ambulan a rumfar zaɓe, a soke su, a yi zaɓe ido da ido.

Lokaci ya ƙure, domin dole ƙuri'ar ta isa ofishin kafin ƙarfe 8 na daren ranar zaɓe, hatimin gidan waya ba ya ceto. Don Allah wacce hanya ta fi tabbas?